Rajistar Kawu Mai Ƙafa Huɗu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Litinin bayan sallar asuba, a farkon daminar bana, gero ko gwiwa bai kai ba. Ina tsaye gaban allo a ajina na Kalgo aka kira ni. Ni ba na ɗaga waya a cikin aji, amma da na ga Inna ce, mahaifiyata, wadda ba ta iya kiran kowa sai an danna mata, sai na ɗaga. Abin da ta ce kawai, "Ki taho gida. Yayana ya riga mu." Na ajiye allin, na manta ban ko sallami yaran ba.

Kafin in isa Gwandu har an kai shi. Zaure ya cika ya tumbatsa, an shimfiɗa tabarmi har gindin aduwar da ke ƙofar gidan. Na ga hedimastan makarantar unguwarmu, mutumin da idan ya yi tsawa a fili har kasuwa ana ji, ya rufe fuska da hularsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ga wani saurayi ma'aikacin asibiti da ya taso tun daga Birnin Kebbi, ya dafa aduwar yana cewa, "Akuyata sau uku tana kwana a nan." Waɗanda ke kusa suka yi dariya da hawaye a idonsu, don kusan kowa a wurin akuyarsa ta taɓa kwana gindin itacen nan. Can tsallaken hanya, ƙarƙashin dogon yaro, Baba Mahauci yana zaune shi kaɗai. Bai shiga zaure ba, kuma ba wanda ya yi mamaki, domin shekaru da yawa tsakaninsa da Kawu sai sallama.

A cikin gida mata suna ta shigowa. "Ya haƙuri?" "Haƙuri sai ma'aiki." Amma bayan muryoyinsu akwai wani kukan da ya cika unguwa, daga kowane gida. Inna ta jawo ni kusa ta ce, "Kin ji su? Tun sahe ba wanda ya kwance su. Mu muna da kwana ukku na zaman makoki, yunwar akuya ba ta san wanga ba. Gobe wa ka fita da bisashe?"

Washegari amsar ta zo da kanta. Yara suka fita da su. Da la'asar hedimasta ya aiko a kira ni bakin zaure, ya ce yau ƙananan azuzuwansa kamar an share. "Malama," ya ce, "in ba a samu mai ɗaukar sandan nan ba, kafin girbi waɗannan yaran sun koma daji. Kuma wanda ya tafi da damina ba ya dawowa da rani, ni na sani." Sandar Kawu tana jingine a bayan ƙofar ɗakinsa, da malfarsa, da gorar ruwansa, da wata jan igiya a naɗe. Wannan maganar ita ta hana ni sukuni a kwanakin nan uku, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro, don kada a binne aikin tare da mai shi.

Ga wanda bai san mu ba, unguwarmu tana bakin gari ne, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Rabinmu manoma, rabinmu jikokin makiyaya da suka zauna. Kusan kowane yaro yana da dabbarsa, akuya ko tunkiya, wadda kakarsa ta ba shi ko aka ba shi ranar suna. Da rani a sake su su yi yawo. Amma da zarar an yi shuka, dabba ba ta fita sai da mai tsaronta, in ba haka ba ta shiga gonar wani a kwana a gaban mai unguwa. Manya suna gona. To, wa ya rage? 'Yan aji ɗaya da aji biyu da aji uku, waɗanda ba su isa riƙe fartanya ba. Haka muka taso muka tarar, ba wanda yake kiran abin fashin makaranta, kiwo ake ce masa.

Kawu shi ne ya ce a'a. Bai yi taro ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Wata safiya kawai ya bi gida gida ya ce a kawo masa dabbobin, shi zai fita da su. Sharaɗinsa ɗaya: mai dabba shi zai kawo ta da hannunsa, sanye da kayan makaranta. Daga ƙofar Kawu yaro ya wuce aji, Kawu ya bi burtali da garke. Asabar da Lahadi kuwa yana mayar musu da abinsu. "Ku tahi ku yi kiwo," yakan ce, "ban son ɗan da ya iya karatu ya kasa gane akuya mai ciki."

Shi kansa ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Yana da karatunsa na allo, amma lokacin da aka zo ɗaukar yara makaranta, kakanmu ya tura shi daji da shanu har sai da maganar ta lafa. Ya girma makiyayi na gaske, mai gane saniya da sawunta. Abin da ya juya shi wata kwalba ce. Ya sayi magani a kasuwa don kaska ta dami shanunsa, ya ɗauka na sha ne, ya ɗura musu. Ashe na wanka ne. Uku suka mutu a wuni ɗaya, har da farar saniyar da ya gada. Da malamin dabbobi ya zo, ya ɗauki kwalbar ya nuna masa da yatsa, ga shi nan an rubuta ba a sha. Kawu ya ba mu labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa take rawa. "Maganar tana hannuna," yakan ce. "Ina riƙe da ita, tana yi mani ihu, ban ji ta ba."

Yaro yaro ne, sai ya kawo akuya da kayan makaranta tsaf, ya sha kwana ya nufi tafki kamun fara. Kawu ya san da haka, shi ma ya taɓa zama yaro. Don haka idan hantsi ya yi, daidai lokacin da ake buga tsohon ƙarfen motar da ke rataye a makaranta don a fito hutu, sai ya kewayo da garken ta bayan katanga. Yara su fito a guje, kowa ya kira tasa, ya shafa ta, ya ba ta ɓawon rogo ko ɗan abin da ya rage. Kawu yana tsaye ya harɗe sanda a kafaɗa, bai ƙirga kowa ba. Dabbar da ta tsaya tana waige-waige ba wanda ya kira ta, ita yake kallo. Malamai suka sa wa abin suna rajistar Kawu, hedimasta ma yakan ce ta fi tasa gaskiya, don a tasa aboki yana iya amsa wa aboki.

Yana da tasa akuyar, wata tsohuwar baƙa mai karyayyen ƙaho, ita ce ke jan garke. Idan kowa ya gama kiran tasa, sai ya kira ta daga ƙarshe, ya shafa wuyanta, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ni ma na zo, Malam!" Yara su bushe da dariya. Cewa yake shi ma ɗan makaranta ne, ajinsa a bayan katanga yake, kuma har yanzu ba a ciyar da shi gaba ba.

Hukuncin mai fashi ba bulala ba ne. Kawu bai taɓa dukan ɗan kowa ba. Da la'asar kowa ya zo ya ɗauki dabbarsa, ta mai fashi kuwa a ɗaure ta gindin aduwa da jan igiya. Ya ba ta harawa, ya ba ta ruwa, amma ba mai kwance ta sai uban yaron da ƙafarsa. Ba uwa ba, ba aike ba. Kuma hanyar masallaci ta nan ta bi. Duk wanda ya wuce sallar magariba ya ga akuyar gidan wane ce. Wallahi na ga manyan mutane masu gemu suna zuwa ta bayan gida suna raɓe-raɓe kamar ɓarayi. Idan uban ya zo, Kawu ya shimfiɗa masa buzu, ya miƙa masa fura, ya bari sai ya sha, sannan ya ce, "To, mi ya hana ɗanka zuwa?" Yawanci uban bai sani ba. A kira yaron. Nan ake jin wando ne ya yage a baya ana yi masa dariya, ko wani babba ne yake tare shi a hanya ya ƙwace masa ɗan ƙosansa, ko bai karya ba ya fito, ko uwarsa ce ta ɗora masa talla. Ɗinki sai telan unguwa, mai tare hanya sai a je gidansu, yunwa kuwa Kawu yakan kalli uban ne kawai har ya sunkuyar da kai.

Ni ma akuyata ta kwana a wurin, kada wani ya ga ina malama ya ɗauka da alli aka haife ni. Ina aji biyu na tsani makaranta kamar in mutu. Malaminmu ya sa ni a bencin baya don ina da tsawo, ya rubuta abu a allo ya ce in karanta, in kasa, ya ce daƙiƙiya. Sai na fara laɓewa cikin gonar dawa har a tashi. Ranar da aka ɗaure jar akuyata, mahaifina ya zo da tsumagiya a hannu yana huci. Kawu ya ce, "Aje ta, suruki, sha hura tukuna." Ya kira ni, ya zaunar da ni nesa kaɗan, ya nuna garken da ke bakin hanya ya ce in nuna masa akuyar gidan liman. Na nuna wata. Ya ce in nuna tunkiyar maƙwabtanmu. Na nuna wata. Ya juya wurin mahaifina ya ce, "Na daɗe ina kallonta bayan katanga. Akuyar wasu take kira, sai tata ta matso kusa take gane ta. Ɗiyarka ba daƙiƙiya ba ce, ba ta gani da nisa." Mahaifina ya saki tsumagiyar ta faɗi ƙasa. Washegari Kawu ya je ya sa aka dawo da ni bencin gaba, bayan girbi aka kai ni asibiti aka ba ni tabarau. Yara suka sa mini mai ido huɗu, na zo masa da kuka, ya ce, "Ke wawuya, ai makiyayi da zai samu huɗu da ya gode Allah." Abin da malami da uwa da uba ba su gani ba, mai kiwon awaki ya gani, kuma duk abin da na zama a duniyar nan daga gindin aduwar nan ya fara.

Kada in yi masa ƙarya don ya mutu, shi ma ba zai so ba. Kawu yana da taurin kai, in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Akwai shekarar da ya ɗaure akuyar wani yaro da suka taso daga Dodoru ba da daɗewa ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya zo. Mutane suka fara magana, wane irin uba ne wannan. Kawu ya ce doka doka ce. Inna ce ta gano. Uban ya tafi neman abinci kudu tun kafin damina. Uwar ta haihu, tana wankan jego, ba ta fita, ba ta da dangi a kusa, yaron ne yake samo mata itace yana ɗebo ruwan da za a dafa. Kunya ta hana ta aikowa. Ɗan akuyar da aka bari a gida kuwa yunwa ta kusa kashe shi. Inna ta shigo ta wanke yayanta tas, irin wankin da ƙanwa ce kaɗai take iya yi wa wa. "Kai da igiyarka! Ka tambaya? Ka taka ka je? Ka sa mai jego a bakin duniya don ka ga ba ta da mai tsaya mata!"

Kawu ya miƙe. Ya kwance akuyar, ya saɓa ta a wuya kamar yadda ake ɗaukar maras lafiya, ya bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka don kowa ya gani. Ya tsaya ƙofar gidan ya yi sallama, ya ce da ƙarfi, "Ɗiyata, na yi maki laihi, ki yahe mani." Daga ranar har ta yi arba'in, shi yake dawowa daga kiwo da damin itace a ka, matan unguwa kuma suka raba ɗibar ruwa a tsakaninsu. Tun daga nan ya canza dokarsa. Ba ya ɗaure dabba sai ya fara zuwa gidan ya ji dalili. In akwai dalili, a taru a ɗauke shi. In babu, igiya tana nan.

Wanda bai taɓa warkewa a zuciyarsa ba shi ne na Baba Mahauci. Ɗansa na fari yana aji uku, yaro mai kai, uban ya fara jan sa rumfar fawa, yau ranar kasuwa, gobe akwai suna, jibi akwai biki. Kawu ya je ya ji dalili, dalilin bai gamsar da shi ba, ya ɗaure akuyar. Ta yi kwana bakwai. Ran na takwas Baba Mahauci ya zo, ba ta bayan gida ba, ta gaba, da wuƙa a ƙugu, yana faɗa tun daga nesa. Fura ma bai kalla ba.

"Ɗana ne ko naka? Ubana mahauci, kakana mahauci, wace takarda ta ciyar da mu? Kai da ba ka san ko bihim ba, kai ka koya mani rainon ɗa?"

"Don ban sani ba nike gaya maka," in ji Kawu. "Bar shi ya yi rabin wuni can, rabin wuni wurinka. Wuƙa ba ta gudu."

Baba Mahauci ya zare wuƙar ya yanke jan igiyar, ya ja akuyarsa, ya cire dabbobin gidansa duka daga garke. Yaron bai sake komawa aji ba. Kawu ya ƙulle igiyar a inda aka yanke, ƙullin yana nan har yau. Yaron ya girma, fawar ma ba ta karɓe shi ba, yanzu kabu-kabu yake yi, in an aiko masa saƙo a waya sai ya nemi mai karanta masa. Duk sanda ya wuce a kan babur, Kawu yakan bi shi da ido ya ce, "Wancan ne ya ɓace mani." Ban taɓa jin ya ce uban ne ya ɓatar da shi ba. Shekaru bayan haka, wata safiya aka ga 'yar wannan yaron, jikar Baba Mahauci, tsaye a ƙofar Kawu da kayan makaranta da 'yar farar akuya. Kawu ya karɓa bai tambayi wanda ya turo ta ba. Tsofaffin biyu kuwa suka ci gaba da sallamarsu ta nesa.

Ni ma na yi faɗa da shi, kuma shi ne abin da yake ci na yanzu. Bara na ga ƙafarsa ta fara kumbura, na ce ya isa haka, ya taho Kalgo ya huta. Na ce masa, "Kawu, mutum mai 'ya'ya da jikoki yana bin awaki cikin ruwa da rana, mu ake zagi." Ya kalle ni ya ce, "Ashe kunya nike ba ki." Wayyo, da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk da haka ya zo, don kada in ce ya ƙi ni, da makarantar unguwarmu ta tafi hutun ƙarshen zango, mu kuwa ana saura kwana biyu mu rufe. Na kai shi ajina ya zauna a baya da malfarsa a gwiwa. Ina kiran suna, ya ji wasu ba su amsa ba. Da muka fito ya ce, "Ke in yaro bai zo ba, mi kike yi?" Na ce ina sa masa alama da jan biro a rajista. Ya ce, "Ita rajistar tana da ƙafa? Tana zuwa gidansu?" Ya kwana uku ya ce shi zai koma. Wai Kalgo gari ne mai kyau, ga jami'a ga fitilu, amma ko akuya ɗaya ba ta gaishe shi ba. Tun daga lokacin duk yaron da ya yi mini fashi kwana biyu, sai uwarsa ta ga ni a ƙofarta. Amma ban taɓa ce masa ya yafe mini waccan maganar ba, kullum ina cewa sai na je gida.

Ranar Laraba aka yi addu'ar uku. Bayan an shafa, hedimasta ya tayar da maganar sanda a gaban maza, mu muna ji daga bayan zana. Wannan ya ce noman farko ya kama shi, wancan ya ce gwiwa. Ba na zargin kowa, damina ce, kowa da bakin da yake ciyarwa. Wani ya ce a nemo yaro daga ƙauye a ba shi kiwon. Inna ba ta san lokacin da ta ɗaga murya daga cikin gida ba. "Ɗan wa? Ɗan ƙauye ba ɗa ba ne? Gawar tasa ko sanyi ba ta yi ba!" Aka watse ba a tsayar da komai ba. Na shiga ɗakinsa na zauna ina kallon sandar, na yi kukan da ban yi ba tun ranar Litinin.

Ranar Alhamis da safe ina haɗa kayana in koma Kalgo, sai na ji kukan awaki a ƙofar gida. Na leƙa. Yara ne, wasu da kayan makaranta, wasu da kayan gida, kowa riƙe da igiyar dabbarsa. Ba wanda ya turo su, ƙafarsu ce ta saba. Sun yi cirko-cirko gindin aduwa, ba su san ko aji za su nufa ko daji ba. Jikar Baba Mahauci tana gaba da farar akuyarta, jakarta a rataye.

Sai aka yi sallama a zaure, da muryar da ba ta shiga gidan nan ba shekara da shekaru. Baba Mahauci ne, ba wuƙa a ƙugunsa. Ya ce a gaya wa Inna yana son sandar. Inna ta ji shi daga bayan ƙofa, ta shiga ta ɗauko sanda da malfa da gora, ta ba ni in miƙa masa. Ya karɓa, ya ce, "Da igiyar." Na ɗauko. Ya warware ta, yatsansa ya tsaya a kan ƙullin, ya daɗe yana murza shi.

Telan unguwa, wanda bakinsa ba ya shiru ko a makabarta, ya leƙo daga shagonsa ya ce, "La ilaha illallahu! Yau an ba kura ajiyar nama!"

"Ku yi dariyarku," in ji Baba Mahauci. "Kurar ta tsuhwa, haƙora sun zube. Litinin zuwa Alhamis nawa ne. Jumu'a ina da yanka, sai ku san yadda za ku yi."

Telan ya sosa ƙeya ya ce to, Juma'ar a bar masa, ai keke ba ya gudu. Baba Mahauci ya juya ga yaran ya daka musu tsawa, "Mi kuke jira? Wanda bai sa kayan makaranta ba ya ruga ya sa!" Suka watse a guje. Sannan ya rage murya ya ce mini, "Malama, ni nama na sani, ban san wace ta wane ba. In ba ki sauri, ki tsaya mani yau ɗaya."

Na ajiye jakata. Da hantsi muka kewayo ta bayan katanga, aka buga ƙarfe, yara suka fito kamar an buɗe musu kogi. Kowa ya kira tasa. Jikarsa ta rungume farar akuyarta tana ce wa ƙawayenta kakanta ne sabon Kawu. Ina bin su da ido huɗun nan nawa ina dubawa, ba wanda ya yi fashi, ko ɗaya. Har na buɗe baki in ce masa rajista ta cika, sai na ga inda yake kallo.

Tsohuwar baƙar akuya mai karyayyen ƙaho tana tsaye ita kaɗai a bakin katanga. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta yi kuka sau ɗaya. Baba Mahauci ya dubi jan igiyar da ke hannunsa, ya dubi akuyar.

"Yau ɗaya mai ita ya yi fashi," ya ce. Ya naɗe igiyar ya sa a aljihu. "Ba a ɗaure ta. Mun san dalili."

Ya durƙusa ya shafa wuyanta, ya rufe fuskarsa da malfar Kawu.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, bai iya karatun boko ba, amma bai bar ɗan kowa a daji ba sai wanda ya fi ƙarfinsa. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe mini maganar da na gaya masa, ka shimfiɗa masa inuwar da ta fi ta aduwa sanyi. Mu da ya bari da sandar, ka ba mu ƙafar zuwa ƙofar gida mu tambayi dalili. Amin.